Otal ko Masauki? Kalma Guda daga Japan da Abin da Ta Tono a Unguwarmu

Wani ɗalibina da ke zaune a Nkomkana ya kawo mini fassarar da ya yi ta wani rubutun Faransanci a kan yawon buɗe ido a Japan. Duk inda ya ci karo da kalmar ryokan, sai ya rubuta "otal". Na ja layi a ƙarƙashinta na rubuta "masauki". Ya tambayi dalili, kuma tambayar ta cancanci amsa mai tsawo.

Ryokan gida ne na saukar baƙi irin na gargajiyar Japan, kuma da yawa daga cikinsu an gina su ne a bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi, wadda suke kira onsen. Baƙo yana tuɓe takalmi tun a ƙofa. Ɗakin da za a kai shi shimfiɗe yake da tabarma, babu gado. Sai dare ya yi ma'aikaciya ta shigo ta shimfiɗa katifa a ƙasa. Ana ba shi rigar shan iska, a ciyar da shi da daddare da kuma safe, duk a cikin kuɗin kwana. A kan komai akwai uwargida, okami, wadda ke tarbar baƙo, ta kuma raka shi ƙofa ranar tafiya. Ɗaya daga cikin waɗannan gidaje, Nishiyama Onsen Keiunkan a lardin Yamanashi, an kafa shi a shekarar 705, kuma a 2011 kundin Guinness ya amince cewa shi ne mafi daɗewa a duniya cikin gidajen saukar baƙi da ke aiki har yau.

To, wanne ne a cikin wannan ya yi kama da otal? A otal lamba ake ba ka da mabuɗi, ba wanda ya damu da inda ka fito. A masauki kuwa hannun mutum kake, sunansa ne zai ɓaci idan ka kwana da yunwa. Kalmar ma ta faɗi haka: daga "sauka" ta fito, kuma Bahaushe ba ya sauka a wuri kawai, wajen wani yake sauka.

Mu nan Yawunde ba sai an yi mana dogon bayani ba, domin unguwar Briqueterie a kan wannan al'ada ta tashi. Fataken da suka gangaro daga Arewa da shanu da tufafi, ta Garwa da Ngaundere, ba su san otal ba. Wajen mai gida suke sauka, wanda a wasu wuraren ake kira fatoma. Shi zai ba baƙo ɗaki da tuwo, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Ba ya karɓar kuɗin kwana. A la'adar ciniki yake samun nasa. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 a kan Sabon Ibadan, kuma duk wanda ya zauna da dattawan zango zai gane hoton. Su ma Japanawa hanya ce ta haɓaka masaukansu: a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, babbar hanyar Tokaido kaɗai tana da zango 53 tsakanin Edo da Kyoto.

Bambancin shi ne su sun riƙe nasu sun mai da shi sana'a mai daraja, mu kuwa muna kallon namu yana narkewa. Na tambayi aji guda ma'anar "fatoma", aka yi tsit, alhali daga cikinsu akwai jikokin fatomai. Saurayin da ya sauko daga jirgin ƙasan Ngaundere da asuba a yau, in ba shi da ɗan'uwa, oberj yake nema. Ban zarge shi ba, wayar salula ta ɗauke rabin aikin dillali, gidajen unguwa kuma sun cika maƙil. Amma mai fassara da ya rubuta "otal" a inda harshensa ke da "masauki" yana taimakawa wajen binne kalmar da ranta.

Akwai inda kamancen ya tsaya, kuma na faɗa wa ɗalibin. Ryokan na da tsada, ba karamci ba ne irin na kwana uku da addini ya ɗora wa Musulmi. Wankan kuma baƙon abu ne a gare mu: a wanke jiki fes a gefe, sannan a shiga kwarmin ruwa tare da jama'a ba sutura, maza daban mata daban. Musulmi zai nemi gidan da ke da wurin wanka na keɓe, ya kuma bincika abinci saboda alade da giyar shinkafa da ke shiga miya. Mafi kusa da na sani a ƙasashenmu shi ne ruwan Wikki na Yankari a Bauchi, mai ɗumin kusan digiri 31, kuma can da tufafi ake shiga.

Saboda haka muka daidaita a kan "masaukin gargajiya" ga ryokan. Onsen kuwa na ce ya bar ta yadda take, ya bayyana ta sau ɗaya a farkon rubutun.