Ƙirƙirar wasannin kwamfuta: kada matashi ya saki reshe ya kama ganye

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu na bakin iyaka, tun daga Birnin Konni da Illela har zuwa Ɗan Isa da Jibiya, akwai wata magana da ko ba ta shigo gidanku ba tukuna, tana nan tafe. Yaro ya yi karatun kwamfuta, Allah ya sa ya samu aikin albashi a wani kamfani ko wata ma'aikata, sai wata rana ya zo ya ce: "Baba, zan ajiye aiki in zauna in ƙirƙiri wasan salula nawa na kaina." Ra'ayinmu shi ne, wannan sana'a ce ta gaskiya da bai kamata a raina ba, amma kada yaron ya bar aikinsa sai wasan ya fara kawo kuɗi.

Da farko mu yarda cewa harkar ba shirme ba ce. A watan Mayun 2009 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Markus Persson ya fito da wasan Minecraft, kuma a 2014 kamfanin Microsoft ya sayi kamfaninsa, Mojang, a kan dalar Amurka biliyan 2 da rabi. A Amurka, Eric Barone shi kaɗai ya rubuta wasan noma da kiwo mai suna Stardew Valley, da zanensa da kiɗansa duka. Wasan ya fito a Fabrairun 2016, cikin wata biyu aka sayi fiye da miliyan 1, zuwa ƙarshen 2024 kuwa ya haura miliyan 41. Irin waɗannan labaran ne matasanmu ke karantawa a intanet har barci ya ƙaurace musu.

To amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Idan aka bi labarin mutanen nan daki-daki, za a ga babu wanda ya shiga harkar ba madogara. Persson yana aikin albashi a wani kamfanin kwamfuta lokacin da ya fara Minecraft. Da ciniki ya fara motsi sai ya rage lokacin aikin, bai bar shi gaba ɗaya ba sai a 2010. Shi kuwa Barone, bayan ya gama jami'a a 2011 aikin da yake nema bai samu ba, ya shafe shekara 4 da rabi yana haɗa wasansa, yana kuma ɗan aikin nuna wa ƴan kallo kujeru a wani gidan wasan kwaikwayo na birnin Seattle, matar da yake tare da ita tana ɗauke da mafi yawan nauyin gida.

Akwai kuma Lucas Pope, wanda wasansa zai ba ƴan kasuwar iyaka dariya, domin a cikin Papers, Please kai ne jami'in da ke zaune a shingen shiga wata ƙasa ta almara, kana duba fasfo da takardun matafiya, kana buga hatimin shiga ko na korar mutum. Wasan ya fito a Agustan 2013, kuma cikin shekara 10 an sayi miliyan 5. Sai dai Pope ya yi shekaru yana aiki a babban kamfanin wasanni na Naughty Dog, inda ya ƙware ya kuma yi tanadi, kafin ya kama gaban kansa. Wato sai da ya yi yaron shago kafin ya buɗe nasa.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Babbar kasuwar wasannin kwamfuta a intanet ita ce Steam, ta kamfanin Valve. Kuɗin rumfa a can dalar Amurka 100 ne ga kowane wasa, abin da ya haura jika 50 na sefa, kuma ba a maido maka su sai cinikinka ya kai dalar Amurka 1,000. A kan kowane ciniki mai kasuwar na cire kashi 30 cikin 100. Mai saye na da damar maido kaya ya karɓi kuɗinsa cikin kwana 14, muddin bai yi awa 2 yana wasan ba. Abin da aka sayar a cikin Amurka kuma, hukumar harajin ƙasar na iya cire har kashi 30 cikin 100 idan ƙasar mai wasan ba ta da yarjejeniyar haraji da ita. A kasuwannin salula na Google da Apple an rage la'adar ƙananan masu wasa zuwa kashi 15 cikin 100 tun 2021, amma can ɗin jama'a sun saba da wasan kyauta, sai dai ka jira ɗan abin da talla za ta kawo.

Babbar matsalar ma ita ce cunkoso. A shekarar 2023 kaɗai wasanni fiye da 14,000 aka zuba a Steam, wato kusan 40 a kowace rana. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa ranar da motocin albasa suka yi wa kasuwa yawa. Bambancin shi ne mai albasa ko ya karyar da farashi zai koma gida da wani abu, shi kuwa mai wasa yana iya yin shekara biyu yana aiki, kayansa su fito, babu ma wanda ya san sun fito. Jarinsa lokacinsa ne, kuma lokacin da ya tafi ba ya dawowa.

A nahiyarmu nauyin ya fi haka. A Yawunde ta ƙasar Kamaru, Olivier Madiba ya fara tunanin wasansa Aurion tun 2003, amma bai fito ba sai a Afrilun 2016, bayan ya kafa kamfanin Kiro'o Games, ya sayar da hannun jari ga masu zuba kuɗi, ya kuma tara gudummawa ta intanet, ga ɗaukewar wutar lantarki da ta riƙa tsayar musu da aiki. Wanda ke Maraɗi ko Damagaram ya san zancen wuta da tsadar intanet ba sai an ba shi labari ba. Ga kuma tambayar ta wace hanya kuɗin waje za su iso asusunsa na banki.

Masu goyon bayan barin aiki suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa albashin ma ba tabbas gare shi ba, kuma gaskiyarsu ne: a Janairun 2024 Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashensa na wasanni, kuma a 2023 da 2024 dubban ma'aikata sun rasa aiki a manyan kamfanonin wannan fanni. Suna kuma cewa wanda ya dawo aiki a gajiye ba zai iya kammala komai da dare ba, kuma ma'aikaci komai ƙwazonsa ribar ta mai gida ce. Ɗan kasuwa ne zai fi kowa fahimtar wannan, tunda da yawanmu mun zaɓi wahalar hanya da shingayen duwan a kan zaman jiran ƙarshen wata.

Sai dai ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya zuba uwar kuɗinsa duka a kan hajar da bai taɓa gwadawa ba. Yana ɗauko buhu biyu ya ga yadda kasuwa za ta karɓa kafin ya yi lodin mota. Haka ya kamata matashi ya yi. Ya riƙe aikinsa, ya ware dare da ranakun hutu, ya haɗa ƙaramin wasa da zai ƙare cikin wata uku ko huɗu, ya fitar da shi ya ga ko baƙon da bai san shi ba zai ciro kuɗi ya saya. Yabon abokai ba ciniki ba ne. Ya kuma duba takardar ɗaukarsa aiki da kyau, domin wasu kamfanoni na rubuta cewa duk abin da ma'aikaci ya ƙirƙira mallakarsu ne. Idan cinikin wasan ya jera watanni yana biyan haya da cefane, kuma yana da ajiyar da za ta riƙe gidansa shekara guda, a lokacin ne zancen ajiye aiki ya zama zancen hankali.

Ku kuma iyaye, kada ku kashe wa yaro gwiwa da cewa wasan yara yake yi, kada kuma ku sayar da shago ku danƙa masa don kun ji labarin Minecraft. Ku yi masa yadda ake yi wa yaron da ake koya wa fatauci: a ba shi ɗan jari mai iyaka, kwamfuta ko faifan sola, a sa masa wa'adi, ranar da wa'adin ya cika a zauna a buɗe littafi a ga shiga da fita. In ya ci riba a ƙara masa. In ya faɗi, aikinsa na nan, ilimin da ya ƙaru da shi ma na nan, kuma iyalinsa ba su kwana da yunwa ba. Magabata sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.