Wa Ya Sa Wa Gicciye Farashi?

A majami'u da dama, daga Jos zuwa Kaduna har Legas, kalmar "hadaya" ta koma sunan ambulan. Mai wa'azi zai ɗaga shi sama, ya ce duk mai neman haihuwa ko aiki ko waraka ya shuka iri, ya ba da abin da zai yi masa zafi: albashin wata, kuɗin haya, har jarin sana'a. Wannan koyarwa ta juya bangaskiyar Kirista a kife, kuma Littafi Mai Tsarki da ake karantawa a kan bagaden nan shi ne babban mai shaida a kanta.

A Littafin Firistoci sura 16, sau ɗaya a shekara, a Ranar Kafara, babban firist yakan shiga Wuri Mafi Tsarki da jinin dabba. Bunsuru ɗaya a yanka, ɗayan a ɗora masa laifofin jama'a a kora shi jeji. Badi a sake. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ɗauki wannan maimaici a matsayin hujja cewa jinin dabba bai taɓa kawar da zunubi ba, sannan ta ce Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya tak, aiki ya ƙare. To, wanda yake neman sabuwar hadaya kowace Lahadi domin Allah ya saurara, me yake faɗa game da gicciyen?

Mutanen Arewa ba sa bukatar a fassara musu "fansa". Sun san ta da hawaye. Wanda ke ɗaure a dajin 'yan bindiga ba shi ke tara kuɗin ba; 'yan'uwa ne ke sayar da gona da shanu. Da wannan ma'ana bishara ta yi amfani: ɗan Adam kamamme ne, hannu wofi, wani ya biya. Abin kunya ne a bi wanda aka riga aka fansa da takardar bashi.

Masu ambulan suna son labarin gwauruwar da ta zuba 'yan anini biyu a Haikali, a Markus sura 12. Sai dai sukan tsallake ayoyin da suka gabata, inda Yesu ya la'anci halin malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye. Haka kuma ba kasafai suke buɗe Ayyukan Manzanni sura 8 ba, inda Saminu mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus kuwa ya tsawata masa da kakkausar murya. A 1517, irin wannan ciniki ne, na sayar da takardun gafara, ya sa Martin Luther ya rubuta batutuwansa 95 a Jamus. Abin mamaki, yawancin masu ambulan na yau jikokin wancan gyara ne.

Za a ce ikkilisiya na bukatar kuɗi. Gaskiya ne: akwai rufin kwano, akwai albashin fasto, akwai marayu da 'yan gudun hijira. Bulus da kansa ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, amma ya ce kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, da yardar zuciya, bai kuma yi wa kowa alkawarin mota ba. Shari'ar Musa ma ta yarda matalauci ya kawo kurciyoyi biyu, in ya gaza ya kawo ɗan gari.

Idan warakar ba ta zo ba, mai ambulan yana da amsa a shirye: bangaskiyarki ce ta yi kaɗan. Matar ta koma gida babu kuɗin haya, ga kuma sabon laifi an ɗora mata.