Wace Shekara Ce, Alhaji?

Wannan tambaya ta masu sayar da kayan mota na Ƙofar Ruwa ta ishe ni. A makon nan wani direba a Bachirawa ya jingine motarsa saboda fitilar baya kawai. Sunan motar ɗaya, amma ta shekararsa daban take da ta shekarar da ta biyo, kuma babu ita a kasuwa.

Ba a banza hakan ke faruwa ba. Masu ƙera motoci sun daɗe da gane cewa kuɗin yana ƙasan mota: shasi, mazaunin inji, giya, wayoyi. A 2012 Volkswagen ta fito da MQB, ta ɗora Golf da Audi A3 da Skoda Octavia a kan gindi ɗaya. Toyota ta biyo da TNGA a 2015. Da zarar sabon gindi ya fito, duk samfurin da ya rage a kan tsohon ya zama kaya, domin riƙe layi biyu a masana'anta kashe kuɗi biyu ne. Sai a yanke masa kwana ko bai tsufa ba, a haɗa shi da 'yan'uwansa.

Za a ce ai muna cin moriya, tunda Sharon da Galaxy masana'anta ɗaya suka fito a Fotugal a 1995, bakaniken Rijiyar Zaki kan cire na wannan ya sa wa waccan. Haka ne. To amma me hanyar Ungogo ke ci da damina? Fitila, bamba, madubi, sai ƙwaƙwalwar mota in ruwa ya shiga. Ukun farko kuwa su ne ake sauyawa da gangan, don mai saye a Turai ya ga sabon abu. Samfurin da bai daɗe ba, kaɗan ne ke zuwa bola a can, sai kayan Beljiyam ɗinsa su yi wuya a nan, ɗan kasuwa ya yanka farashin da ya ga dama.

A da ba haka muke ba. Fijo 504 ta fito a 1968, kamfanin Fijo na Najeriya, PAN, ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, aka yi ta haɗa 504 har bayan 2000. Yaron gareji ma ya haddace ta. Muka yi sakaci da wannan, muka koma jiran abin da wasu suka yar. A 2023 kuma 'yan majalisar tarayya suka raba wa kansu jif-jif na waje, wai hanyoyinmu ba su da kyau. Hanyoyin da kasafin gyaransu ta hannunsu yake bi.