'Yan Mazan Jiyan Amurka da Kantunan Bariki: Ina Rangwamen Yake?

Tun daga ranar 1 ga Janairun 2020 Amurka ta buɗe ƙofofin kantunan barikokinta ga wani rukuni na 'yan mazan jiya da a da ba su da ikon sayayya a ciki. Dokar da ta kawo wannan sauyi tana cikin dokar tsaro da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a watan Agustan 2018, kuma ta shafi waɗanda suka samu nakasa a bakin aiki, da masu lambar yabo ta Purple Heart, da tsofaffin fursunonin yaƙi, da kuma masu jinyar wasu daga cikinsu da hukuma ta amince da su. An ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 4 ne suka samu wannan dama. Ko shakka babu karramawa ce da ta dace. Abin tambaya a nan shi ne, shin tana rage wa tsohon soja tsadar cefane kamar yadda ake ta yayatawa?

Kantunan iri biyu ne. Akwai na kayan abinci da ake kira kwamisari, waɗanda hukumar DeCA ke gudanarwa tun 1991, guda sama da 230 a cikin ƙasar da wajenta, kuma majalisar dokoki na ware masu fiye da dala biliyan 1 a kowace shekara. Akwai kuma na tufafi da kayan lantarki da sauran kayan gida, waɗanda ke cin riba, ana zuba wani kaso nata cikin harkokin jin daɗin sojoji. A dukkansu ba a biyan harajin sayayya na jiha, kuma tun ranar 11 ga Nuwamban 2017 duk wanda ya bar aikin soja cikin mutunci yana iya sayayya a kantunan rukuni na biyu ta intanet.

Gwamnati ta daɗe tana cewa mai cefane a kwamisari yana rage kusan kashi ɗaya bisa huɗu na abin da zai kashe a kasuwa. Ma'aunin da aka tsayar shi ne kashi 23.7 cikin ɗari, sannan a watan Satumban 2022 sakataren tsaro na wancan lokaci, Lloyd Austin, ya ba da umarnin a kai shi kashi 25. Sai dai a wannan shekarar ce ofishin GAO, mai bincikar ayyukan gwamnati a madadin majalisa, ya nuna cewa rangwamen da ake samu a cikin Amurka bai kai adadin da ake shelantawa ba, domin kantunan ƙasashen waje ne ke ɗaga lissafin, kuma hanyar da ake auna nasu ba abin dogaro ba ce. Alhali mafi yawan 'yan mazan jiya a gida suke zaune.

Haka kuma farashin da ke jikin kaya ba shi ne abin da ake biya ba. A wurin biya ana ɗora kashi 5 cikin ɗari domin gini da gyaran kantunan, sannan sababbin masu damar suna biyan wani ƙari idan da kati suka biya, wanda a 2020 ya kasance kashi 1.9 da katin bashi, ko kashi 0.5 da katin cire kuɗi. Ke nan a lokacin cefanen dala 100 da katin bashi kan tashi kusan dala 107, ban da ihsanin da akan ba masu zuba kaya a leda, waɗanda ba su da albashi. Yafe harajin ma ba kowa yake amfana ba, tunda jihohi da dama ba sa karɓar haraji a kan kayan abinci, ga kuma manyan kantuna irin su Walmart da Aldi da ke gasar karya farashi.

Babbar matsalar ita ce nisa. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na 'yan mazan jiyan Amurka a karkara suke, kuma wanda zai yi tafiyar awa biyu a mota, ya bi layin tantancewa a ƙofar bariki da katin shaidarsa, kuɗin mai kaɗai na iya cinye ribar. Mai iyali da yawa da ke maƙwabtaka da bariki, musamman a garuruwa masu tsadar rayuwa, shi ne ke ganin amfanin, yayin da nakasasshen da ke can ƙauye, wanda dominsa aka yi dokar, yake da dama a takarda kawai.

A ra'ayinmu, bai kamata a janye wannan dama ba, amma wajibi ne a faɗi gaskiyar darajarta. Ya dace hukumar DeCA ta riƙa bayyana rangwamen kowane yanki a fili, tare da kwatanta shi da kantunan da talaka ke zuwa, domin tsohon soja ya yi lissafinsa kafin ya tayar da mota. Ya kamata kuma majalisa ta ɗauke kuɗin katin da aka ɗora wa nakasassu, ta duba yadda za a kai wa na nesa kaya har gida ko a ƙara masu wani abu a kuɗin da ake biyansu duk wata. Wanda ya bar ƙafarsa a fagen daga ya cancanci taimakon da zai gani a tukunyar gidansa, ko da kuwa babu bariki a kusa da shi.