KUƊIN CEFANEN ƘASA, WA ZAI BA MU LISSAFI?

Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga in ban amayar da ita ba ba zan samu sukuni ba.

Wajen ƙarshen shekarar 2024, lokacin da ko'ina ka murɗa rediyo ba ka jin komai sai rigimar sabuwar dokar haraji, maigidana da abokansa kullum bayan isha'i suna ƙofar gida a kan tabarma suna ta musu har dare ya raba. Ran nan da ya shigo sai na ce, "Malam, wai shin wannan harajin da kuke ta faɗa a kansa, in an tara shi me ake yi da shi?" Sai ya kalle ni ya yi dariya ya ce, "Ke kuma uwargida ina ruwanki da haraji, ke da ko albashi ba kya ɗauka? Wannan zancen manya ne." Na yi shiru. Wallahi gari na wayewa, mutumin nan da bakinsa ya tsare ni a bakin murhu yana tambayata ina canjin naira 200 na cefanen jiya. Na ba shi lissafi tiryan-tiryan, tumatir kaza, manja kaza, gawayi kaza. Amma a raina na ce to ashe haka abin yake: mai riƙe da naira 200 dole ta yi bayani, mai riƙe da tiriliyan kuwa ba a isa a tambaye shi ba.

Bari in fara da masu cewa mace ba ta biyan haraji, domin wannan magana ƙarya ce tsagwaronta. Tun watan Janairu na 1994 aka fara karɓar harajin kayan masarufi da ake kira VAT a Najeriya, kashi 5 cikin ɗari, sannan a watan Fabrairu na 2020 aka mai da shi kashi 7.5. Shi wannan haraji ba ya aiko miki da ɗan sanda ko dogari, a cikin farashi yake ɓuya. Idan kika sayi kayan da ake ɗora wa shi na naira 1,075, to naira 75 ta gwamnati ce, ko kin sani ko ba ki sani ba. Sabulun wanki, atamfar sallah, katin waya, kuɗin wutar da rabin wata ba a kawo ta, duk akwai rabon hukuma a ciki. Haka kuma duk sanda aka tura kuɗin da ya kai naira 10,000 ta banki, sai an zare naira 50. Ɗan a-daidaita-sahu da ya yanki tikiti da safe a kanki zai fanshe, mai motar da ya ɗauko tumatir daga ƙauye aka tare shi sau biyar a hanya shi ma a kwanon tumatirinki zai fanshe. To ke 'yar uwa da kike cikin ɗaki kina ƙulla gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ki daina cewa ba ki da hannu a baitulmali. Kin fi wani mai babbar riga zubi, don shi yana da akawun da zai nuna masa hanyar zillewa, ke kuwa ba ki da ita.

Yanzu mu koma kan rigimar da aka yi. A watan Oktoba na 2024 Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurorin gyaran haraji guda 4. A ciki an so a riƙa ƙara VAT sannu a hankali har ya kai kashi 15 a 2030, an kuma so a canja yadda ake raba shi tsakanin jihohi. Gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a wannan watan suka ce ba su yarda ba, za a cuci jihohinsu. Aka yi ta kai ruwa rana har aka daidaita, shugaban ƙasa ya sa hannu a watan Yuni na 2025, dokokin suka fara aiki a Janairun 2026. Ni ba zan yi butulci ba, an samu alheri a wannan ja-in-ja: VAT ya tsaya a kashi 7.5, abinci na yau da kullum da magani da littattafan makaranta ba a ɗora musu, mai samun naira 800,000 ko ƙasa da haka a shekara kuma an yafe masa harajin albashi. Rabon jihohi ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, na Tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10, ƙananan hukumomi suna nan da 35 ɗinsu.

Amma ku lura da abu ɗaya. Duk wata da watannin da aka kwashe ana tayar da jijiyar wuya, faɗan a kan rabon tukunya ne, wa zai ɗebi malmala biyu wa zai ɗebi ɗaya. Ban ji an tsaya da irin wannan zafin an ce to wanda aka ɗiba bara ina ya shiga ba. Kamar kishiyoyi ne su kwana suna faɗa a kan wa za ta riƙe mukullin rumbu, alhali yara na tsakar gida da ƙoƙo babu wadda ta ɗora tukunya. Ni a ganina jihar da rabonta ya ƙaru, tambayar da ke kanta ma ta ƙaru.

Kada a ce mini babu kuɗi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, muka sha wuya, har yau muna sha. An ce mu yi haƙuri kuɗin zai dawo mana ta wata hanya, kuma gaskiya ne kason da jihohi ke karɓa daga asusun Tarayya ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Kasafin kuɗin Tarayya na 2025 ya kai naira tiriliyan 54.99, amma fiye da tiriliyan 14 a ciki biyan bashi aka ware wa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Ke da kike adashi kin san ma'anar wannan. Gidan da kwatan kuɗin cefanensa ke tafiya wajen mai bin bashi tun kafin a je kasuwa, ai sai a zauna a tambayi wanda ya ciwo bashin me ya saya da shi.

Ga kuma maganar lafiya, wadda ita ce ta fi ƙona mini rai. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka yi alkawarin ware wa lafiya aƙalla kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba, yawanci tsakanin kashi 4 zuwa 6 take tsayawa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023, cikin duk mata huɗu da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya, fiye da ɗaya 'yar Najeriya ce. Wannan ba lissafin takarda ba ne a wurina. Ƙanwata naƙuda ta kama ta da tsakar dare muka kai ta ƙaramin asibitin unguwarsu, babu wuta, da fitilar waya ungozoma ta duba ta. Aka miƙo mana takarda mu je mu sayo safar hannu da auduga da ruwan ƙari, ƙarfe biyun dare, duk kemis a rufe. Kafin mu samu motar da za ta kai ta babban asibiti abin cikinta ya riga ya koma, ita ma da ƙyar aka ceto ta. Mun yarda da ƙaddara, mun yi haƙuri. Amma safar hannu ba daga sama take saukowa ba, a kasafin kuɗi ake rubuta ta, wani ne ya sa hannu ya karɓi kuɗinta ko kuma wani ne ya ƙi rubutawa. Ban zargi ungozomar nan ba, ita ma da hannu biyu aka bar ta.

Na san akwai masu cewa wannan ba tarbiyyar mace ba ce, mace ta kama bakinta. To su je su tambayi tarihi. A 1929 matan Aba da kewaye suka tashi saboda jin za a ɗora musu haraji, sojan Turawa suka kashe fiye da 50 daga cikinsu, amma sai da aka sake tsarin mulkin yankin. A Abeokuta, Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranci matan kasuwa a kan harajin da ake karɓa a hannun mata, har Alake ya sauka daga karaga a Janairun 1949. A nan gida Hajiya Gambo Sawaba an sha ɗaure ta saboda ta ƙi yin shiru. Iyayenmu kuma ba su manta da 1979 ba, shekarar da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, bayan talaka ya shekara da shekaru yana sayar da akuyar matarsa don kada a ɗaure shi a rana. Akuyar wa ake sayarwa? Ta mace. Ashe tun fil'azal haraji a ɗakinmu yake kwana.

Ni ba cewa na yi kada a biya ba, kuma ba cewa na yi mu yafa gyale mu fita titi ba. Hanya da asibiti da makaranta ba sa yin kansu, dole sai da kuɗi. Cewa na yi wanda ya yi zubi yana da haƙƙin ganin littafin uwar adashi. Ki fara daga inda ƙafarki take kaiwa. Duk mai karɓar kuɗi a kasuwa ko a bakin shagonki da sunan hukuma, ki ce ya ba ki rasit. Idan an kira taron iyaye a makarantar yaranki, ki je ki tambayi kuɗin gyaran aji nawa aka turo. Ƙananan asibitoci suna da kwamitin unguwa, ki nemi sanin su wane ne a ciki, in babu mace ku tura taku. Idan gwamna ya kai kasafi majalisar jiha ana karantawa a rediyo, kada ki murɗa zuwa waƙa, ki kasa kunne ki ji lafiya nawa, ilimi nawa, motocin manya nawa, ki sa 'yarki ta rubuta a bayan littafi. In shirin da ake buga waya ne, ki buga ki yi tambaya cikin ladabi. Ranar da masu neman ƙuri'a suka shigo da atamfa da sabulu da taliya, ki tuna da kuɗinki aka sayo, ki buɗe littafin nan ki ce, "Ranka ya daɗe, bara an ce an ware wa asibitinmu kaza, ina yake?"

Ku kuma 'yan mata masu karatu, ku ne idonmu. Kun iya lissafi, kuna da waya a hannu, jihohi da dama suna sa kasafinsu a intanet. Awa ɗaya daga cikin lokacin kallon fim ta isa ki nemo na ƙaramar hukumarku ki karanta wa mahaifiyarki da maƙwabta.

Shi kuwa Malam, har yanzu yana tambayar canjinsa, ni ma ina ba shi ba tare da ɓacin rai ba, don haƙƙinsa ne. Sai dai yanzu in na gama nakan ce, "To Malam ga naka, saura na gwamna." Da yana dariya, yanzu ya daina, har ran nan shi da kansa ya kira ni in zo in ji ana karanta kasafi.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoron haƙƙin talaka, ya sauki masu ciki lafiya, ya ba mu ikon yin tambaya a inda ta dace. Kuskuren da ke ciki ku yafe mini. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, taku har kullum.