A bar yaran Yalwawa su zauna JAMB

Malam, ka rubuta cewa ɗalibin da ke harin karatu a waje ɓata lokacinsa yake in ya zauna JAMB. Wannan shawara cutarwa ce. Ka manta Afrilun 2023? Yaƙi ya ɓarke a Khartum, aka kwaso 'ya'yanmu ta iyakar Masar, karatu ya tsaya cak. A shekarar kuma naira ta faɗi warwas, kuɗin makaranta da dala ya gagari iyaye. Magidancin Yalwawa ta Dutse mai jiran albashi, da me zai cike giɓin? Yaro ya nemi waje, amma ya fara riƙe gurbi a Jami'ar Tarayya ta Dutse, inda zai kwana gidansu, ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa.