Damargu: matata a ƙofar gida, manomi na neman gazuwal a kwalba

Da zarar an ga hadari ya fara haɗuwa gabas, tambayar da masu saurare suka fi yawan yi mana a gidan rediyo ita ce: wane ne zai kawo mana gazuwal mai kyau har gari, kuma da wane farashi? Masu wannan tambaya su ne masu tarakta da ake ɗauka haya, da masu injin sussuka da na niƙa, da kwamitocin da ke kula da famfunan da garke ke shan ruwa a karkarar Belbeji da Tanut. Gaskiya ne mafi yawan manoman Damargu da hauya suke noma, amma duk wanda ya kai hatsinsa niƙa ko ya shayar da dabbobinsa a famfon da injin ke turawa, ya biya kuɗin gazuwal, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya sa tambayar ke da ciwo shi ne, man nan a ƙasar Damargu ake tace shi. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga watan Nuwamba na 2011, tana cikin ƙaramar hukumar Olelewa ta gundumar Tanut, kusa da Bakin Birji. An gina ta don tace ganga 20,000 a kowace rana daga ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar tana da 40. A waccan shekarar ce kuma Belbeji ta rabu da Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Mutane sun ɗauka ci gaba biyu sun zo tare. Sai ga shi an wayi gari da abin nan da Bahaushe ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ga yadda man ke tafiya. SORAZ ba ta sayar wa manomi. Kason cikin gida kamfanin SONIDEP take ba wa, shi kuma ya sayar wa masu lasisin gidajen mai, gwamnati ta yanke farashi guda ga ƙasa baki ɗaya. Shekaru da dama litar gazuwal tana sefa 538. A watan Agusta na 2022 ta hau 668, a watan Yuli na 2024 kuma hukumomin CNSP suka sauko da ita 618, wato dala 123 da tamma 3. To amma wannan farashi a bakin famfon gidan mai kaɗai yake aiki. Gidajen mai kuwa sun fi bin babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas da manyan garuruwa, domin nan motoci suke. Wanda gonarsa ke cikin tudun rairayi, sai ya biya kuɗin mota da na kaya, ya kashe yini, ko kuwa ya saya hannun 'yan ruwa-ruwa ranar kasuwa. A misali, in an ƙara masa sefa 100 kacal kan kowace lita, duro guda mai lita 200 ya tashi da ƙarin jikka 20, kuma a kan mai gona da mai niƙa za a fanshe su.

Tsada ma da sauƙi a kan gurɓata. Man da ya bi hannu uku ko huɗu, aka juye shi daga duro zuwa jarka, daga jarka zuwa kwalba, yakan kwaso ruwa da ƙura, wani lokaci ma a gauraya shi da kananzir. Injin gazuwal ba ya yafe wannan. Famfon da ke tura mai cikin injin shi ke fara lalacewa, gyaransa kuwa sai an nufi Damagaram ko Maraɗi ko Kano. Daminar Damargu gajera ce ƙwarai. Taraktar da ta kwanta mako biyu bayan ruwan shuka, ta yi asarar shekara ke nan, tare da duk wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami yana jiran a yi masa huɗa.

Wasu na cewa me ya hana a yi yadda Turawa suke yi. A Faransa da Ingila da Amurka akwai gazuwal na musamman da ake sa wa jan launi, ana rage masa haraji, don injunan gona da ba sa hawa titi, kuma dillali ne ke kai shi da tanka har gona. Wanda aka kama da jan mai a motar hawa, tara ce ke jiransa. Manoman can ba sa wasa da wannan rangwame: a farkon 2024, a Jamus da Faransa, sun tare hanyoyi da taraktocinsu lokacin da aka so taɓa shi, har gwamnatin Faransa ta janye ƙarin harajin da ta shirya.

Shawarar tana da daɗin ji, amma a duba halin da muke ciki. A 2022, da gazuwal ya yi tsada a Najeriya ya fi namu nesa ba kusa ba, sai namu ya riƙa tsallaka iyaka, gidajen mai suka bushe, har gwamnati ta dakatar da fitar da shi waje a watan Yuni kafin ta ƙara farashi. A watan Maris na 2025 kuma an sha dogayen layuka na neman fetur a biranen ƙasar, bayan janye tallafin mai da Najeriya ta yi a 2023 ya rage man da ke shigowa ta bayan fage. Darasin a fili yake: duk inda farashi biyu suka yi maƙwabtaka, mai yakan gudu wajen mai tsada. In aka fito da gazuwal mai rahusa da sunan manoma ba tare da rajista da sa ido ba, a manyan motoci da wuraren haƙar zinariya na arewa zai ƙare, manomi ya tashi a tutar babu.

Saboda haka abin da ya fi gaggawa shi ne manomin Belbeji ya samu man a farashin da gwamnati ta riga ta yanke, mai tsabta, kuma a kan lokaci. Wannan ba ya buƙatar sabuwar doka. Babu dillalin da zai tura tanka cikin rairayi don jarka biyar, amma in ƙungiyar manoma da masu injin niƙa da kwamitin famfo suka haɗa buƙatunsu suka kai dubban litoci, dillali da kansa zai nemo su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai a tabbatar yana da lasisi, a rubuta yarjejeniya kan farashi da kuɗin dako da ranar kawowa, a auna man gaban shaidu, a karɓi rasiɗi. Kuma a yi haka tun cikin watan Mayu, kafin ruwa ya ɓata hanya kowa ya ruga neman mai lokaci guda.

Hukumomi ma da nasu aikin. Dalilan tsaro sun sa jami'ai na sa ido kan duk mai ɗauke da mai a jarka, kuma suna da hujja. Takardar shaida daga hukumar gunduma ga ƙungiyoyin da aka sani za ta raba manomi da ɗan fasa-ƙwauri a shingen bincike. Ƙaramar hukumar Tarka za ta iya ware fili nesa da gidaje don ajiye tanki, tunda ajiye durorin mai cikin gida gayyatar gobara ne. Famfunan ruwa kuwa, duk wanda za a iya mayarwa mai aiki da hasken rana a mayar da shi, a bar gazuwal ga tarakta da injin sussuka.

Damargu ta daɗe ana kiranta rumbun gero, ta kuma ba da ƙasar da aka gina matata. Ba roƙo ba ne in ɗan Belbeji ya nemi lita guda a farashin da ɗan Yamai ke saye. Allah ya ba mu damina mai albarka.